Lambar mita ba shaida ba ce: Yadda ake gane lafiyar babur na hannu a Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, ta Rimin Gado da Kabo, zai ga irin aikin da babur ke yi a wannan yanki. Shi ke kai buhun masara kasuwar Getso, shi ke ɗauko kayan lambu daga bakin madatsar Guzu-guzu, shi ne kuma motar asibiti idan naƙuda ta taso cikin dare a ƙauyen da mota ba ta shiga.

Sai dai sabon babur ya fi ƙarfin mutane da yawa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Wannan ya sa manomi ko ɗan acaɓa ko malamin firamare ke komawa wajen dillalai neman na hannu, sau da yawa da kuɗin da ya samu bayan sayar da amfanin gona ko dabbar da ya daɗe yana kiwo. Idan cinikin ya zo da matsala, shekara guda ce ta tafi.

Abin da idon mai saye ke fara sauka a kai shi ne mitar da ke nuna yawan kilomitar da babur ya ci. Ita ce kuma abin da ya fi saurin yaudara.

A kan Boxer da Jincheng da ire-irensu, wata 'yar waya ce ke tasowa daga ƙafar gaba tana juya mitar. Da zarar ta tsinke, lamba ta tsaya cak, kuma ba kowa ke damuwa da gyara ta ba, tunda babur na tafiya ko babu ita. Ana iya yin shekara biyu ana aiki a haka. Ranar da za a sayar sai a sa sabuwar waya, mita ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wani ma mitar gaba ɗaya yake canzawa da wadda aka cire daga wani babur.

Ko babu hannun kowa, lissafi ma ya isa ya sa a yi hattara. Yawancin waɗannan mitoci suna komawa sifili bayan kilomita 99,999. Ɗan acaɓar da ke cin kilomita 100 a rana, kwana shida a mako, zai haura kilomita 30,000 a shekara. Cikin shekara uku da 'yan watanni mitarsa ta zagayo, ta koma tamkar ta sabon babur.

A Turai da Amurka, masu sayen manyan babura irin su Harley-Davidson kan nemi takardun sabis kafin su tanka wa lambar mita, domin babban injin da aka kula da shi kan wuce kilomita 100,000 yana lafiya. A Gwarzo babu mai ajiye irin wannan takarda. Abin da ya maye gurbinta shi ne tambaya: wane ne mai babur ɗin, wane aiki ya yi da shi, wane bakanike ke duba masa? Babur ɗin ma'aikacin da ke zuwa ofis a kan kwalta daban yake da wanda ya shekara yana ɗaukar buhu biyu a kan hanyar burji, ko da mitocinsu sun nuna lamba ɗaya. Tun da gwamnatin jiha ta hana goyo a babur a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, aikin acaɓa ya fi ƙarfi a ƙananan hukumomin waje, inda hanya ta fi cin babur.

Gwajin da ya fi kowane muhimmanci ba ya buƙatar ko sisi: a tayar da injin yana sanyi. Masu wayo kan ɗumama babur kafin mai saye ya iso, saboda injin da ya gaji ya fi saurin tashi kuma ya fi laushin ƙara idan ya yi zafi. Shi ya sa gogaggu ke fara ɗora hannu a jikin injin kafin su ce uffan. In da ɗumi, sai a zauna a yi hira har ya huce, ko a dawo da sassafe.

Idan ya tashi, sai a koma bayan salansa. Baƙin hayaƙi yawanci matsalar kafireta ce ko matatar iska da ta toshe, gyaransa ba ya da tsada. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a kan inji irin na Boxer kuwa alama ce ta cewa yana ƙona baƙin mai, wato ringi ko silinda sun cinye, kuma wannan aikin buɗe inji ne. Ban da tsofaffin babura irin Suzuki AX100, waɗanda dama ƙirar injinsu ta ƙona mai tare da fetur ce, don haka hayaƙinsu ba laifi ba ne.

Akwai dabarar da ta daɗe a harkar: a zuba mai mai kauri sosai, wani lokacin har man giyar mota, domin ya danne ƙara ya rage hayaƙi na 'yan kwanaki. Mai saye ya zaro ma'aunin mai ya murza tsakanin yatsunsa. In ya ji shi da danƙo kamar zuma, ko ya ga ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe a ciki, ya san inda aka dosa. Ya kuma duba kawunan notocin injin. Waɗanda sifana ta cinye wa kusurwa suna nuna an sha buɗe shi, komai rantsuwar da za a yi cewa ba a taɓa ba. Buɗe inji ba aibi ba ne in hannu mai kyau ne ya yi, ɓoye shi ne abin tsoro.

Ƙurar hunturu na da nata rabon a wannan lalacewa. Babur ɗin da aka bari da yagaggiyar matatar iska, ko aka cire ta gaba ɗaya wai don ya ƙara gudu, yana shaƙar ƙasa kai tsaye, ita kuma tana goge cikin silinda kamar samfefa. Buɗe akwatin matatar bai wuce minti biyu ba.

Daga nan sai gangar jiki, inda lodi ke barin tabonsa. A leƙa ƙarƙashin kujera da wajen da shok ɗin baya ke ɗaure, a nemi sabon walda ko fentin da bai dace da sauran ba. A ɗaga ƙafar baya a girgiza ta hagu da dama, in tana wasa to bushi ko boris sun tafi. Haƙoran da sarƙa ke hawa, in sun lanƙwashe sun yi tsini kamar farcen shaho, sun ci tafiya mai nisa. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma, in aka sassauta riƙon kai babur ya riƙa janyewa gefe guda, akwai yiwuwar ya taɓa faɗuwa mai tsanani firam ɗin ya karkace. Wannan kam ba a cika samun gyaransa yadda ya kamata ba.

Sabuwar rigar kujera da sitika da ledar da aka naɗe hannu da ita ba su nuna komai, kuɗinsu kaɗan ne. Taya ta fi su gaskiya, domin yawancin tayoyi na ɗauke da lambobi huɗu a gefe da ke nuna mako da shekarar da aka yi su. Misali, 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Babur ɗin da aka ce bara aka ciro shi daga kwali ba shi da dalilin zama a kan tayar da ta girme shi da shekara uku.

Dillali la'adarsa yake nema, kuma sai an sallama yake samu. Don haka zuwa da bakanike na kai, wanda ba shi da rabo a cinikin, ya fi dogaro da bakinsa. Shari'ar Musulunci ta bai wa mai saye damar mayar da kaya idan aka ɓoye masa aibi, amma tabbatar da hakan bayan mako biyu ana hawa ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai maganar takardu, wadda a garuruwan da ke kan iyaka da Jihar Katsina ta fi lafiyar inji nauyi. Satar babura ba baƙon abu ba ne, kuma wanda aka kama da na sata shi zai fara kwana a hannun 'yan sanda kafin a nemo wanda ya sayar masa. Dole lambar inji da lambar firam su dace da abin da ke rubuce a rasit ɗin asali, harafi da harafi. In an ga alamar an goge wurin lambar ko an sake buga ta, ciniki ya ƙare a nan, komai arharsa. In komai ya dace, a rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa da lambobin biyu da kuɗin da aka biya, shaidu su sa hannu, zai fi kyau a gaban mai unguwa ko shugaban dillalan wurin.