Allurar Baya da Allurar Barci: Bayani ga Wadda Za a Yi wa Aikin Haihuwa

Daga cikin abubuwan da ke firgita mace mai ciki a ƙasarmu idan likita ya duba ta ya ce sai an yi mata aiki, bayan tsoron wuƙa da gorin dangin miji masu cewa raguwa ce ta kasa haihuwa da kanta, babu abin da ya kai labarin allurar da ake yi a gadon baya, wadda mata ke ta tsoratar da juna da ita a gidan suna da layin awo, har takan kai wata tana shiga ɗakin tiyata ta kama hannun ma'aikaci tana roƙonsa da girman Allah ya yi mata allurar barci kawai, kada ta san abin da ake ciki sai an gama. Roƙon nan yana da uzuri, domin babu mai son ya ji ana taɓa cikinsa idonsa biyu. Sai dai a galibin hali abin da take roƙa shi ya fi haɗari, wanda take gudu kuwa shi ya fi aminci, kuma hujjojin haka ba su da wuyar fahimta ga wanda ya natsu ya saurara.

Gusar da jin zafi domin magani tsohuwar mas'ala ce a wurin malamai. Ibn Sina ya ambaci magungunan da ke kashe jin jiki a cikin littafinsa Alƙanun, shi kuma Shihabuddin Alƙarafi, babban faƙihin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekarar 684 ta Hijira, ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye, da abin da ke rikita hankali ba tare da nishaɗi ba, da abin da ke kwantar da mutum ya ɗauke masa ji da gani baki ɗaya. Fuƙaha'un mazhabar kuwa sun halatta wannan na ƙarshe idan larura ta kama za a yanke wata gaɓa. Saboda haka mai waswasin ko allurar tiyata tana cikin hukuncin kayan maye, ya kwantar da hankalinsa, an riga an warware wannan tun da daɗewa. Kaifiyyar da ake bi a yau ta faro ne ranar 16 ga Oktoba, 1846, a birnin Boston na Amurka, inda William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci maganin da ake kira ita (ether) aka cire masa ƙari a wuya a gaban taron likitoci. Shekara na zagayowa James Simpson na Edinbara ya shigar da kulorofom cikin sha'anin haihuwa, kuma surutun masu inkari ya lafa sosai bayan da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta karɓe shi a hannun likita John Snow a 1853, wajen haihuwar ɗanta na takwas.

Abin da mutane ke kira allurar barci ya wuce barci nesa ba kusa ba. Ana ɗura wa mace magani ta jijiya hankalinta ya gushe cikin 'yan daƙiƙu, a bi shi da wani mai sassauta naman jiki duka har da wanda take numfashi da shi, sa'an nan a zura bututu ta bakinta zuwa maƙogwaron iska, na'ura ko hannun ma'aikaci ya riƙa yi mata numfashin har a gama. A tsakanin gushewar hankali da shigar bututun akwai ɗan lokaci ƙanƙane, kuma a cikinsa mafi yawan haɗarin ya taru, domin mai ciki ba daidai take da sauran majiyyata ba. Mahaifa ta tokare mata ciki, ƙofar da ke hana abinci komowa sama ta yi sako-sako, wanda shi ne sababin ƙwannafin da masu ciki ke yawan kuka da shi, kuma naƙuda kan tsayar da narkewar abinci har tuwon da aka ci tun da dare ya kwana bai wuce ba. Idan hankali ya gushe, tari da haɗiya suka tsaya, ruwan ciki mai tsami yakan iya tasowa ya gangara cikin huhu ya ƙone shi. Wani likita a Niyok mai suna Curtis Mendelson ya bayyana wannan musiba a 1946, bayan da ya bi lissafin haihuwa 44,016 ya sami mata 66 da abin ya faru a kansu, kuma tun daga nan hana mai naƙuda cika ciki ya zama ƙa'ida a asibitoci. Ƙari a kan haka, maƙogwaron mai ciki yakan kumbura, musamman mai hawan jini, sai sa bututun ya yi wuya, alhali kuwa iskar da ke ajiye a huhunta kaɗan ce kuma rayuka biyu ne ke cinta, ba ta jure jinkirin da wani zai jure. Maganin yakan ratsa mabiyiya ya kai ga jariri ya fito a kasalance, iskar barcin da ake shaƙawa kuma tana iya hana mahaifa tsukewa da kyau bayan an ciro ɗa, jini ya yi ta zuba.

Allurar baya, wadda likitan fiɗa August Bier ya fara gwadawa a garin Kiel na Jamus a 1898, ta kauce wa akasarin waɗannan. Ga yadda take. Lakar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya ba ta kai ƙugu ba. A jikin baligi tana ƙarewa ne kaɗan ƙasa da haƙarƙarin ƙarshe, daga nan sai zaruruwan jijiyoyi da ke reto cikin wani ruwa garai-garai kamar jelar doki. A ƙasa da ƙarshen lakar ake soka allurar, siririya ƙwarai, bayan mace ta zauna ta sunkuyar da kai ta gantsaro bayanta waje ƙasusuwan sun buɗe, a zuba maganin da yawansa kimanin rabin ƙaramin cokali ne, wanda galibi bupivacaine ne. Cikin minti biyar zuwa goma ƙafafu su yi ɗumi su yi nauyi, jin zafi ya ɗauke tun daga yatsu har zuwa wajen ƙirji, kuma ba a fara yanka sai an gwada an tabbata ya kama. Wajibi ne a gaya wa mace gaskiya tun kafin a fara, cewa za ta ji ana ja ana dannawa, musamman sa'ad da ake fito da jariri, amma ba za ta ji zafin wuƙa ba. Idan kuwa ta ji, to ta faɗa nan take, kada kunya ko kara ta hana ta, domin akwai abin da za a ƙara mata, in ta kama ma a koma ga barcin. An kafa labule a ƙirjinta, ba ta ganin komai. Numfashinta na hannunta, tarinta na nan yana tsare mata huhu, tana iya ambaton Allah, tana jin kukan ɗanta na farko, sau da yawa ma har a sa mata shi a ƙirji tun ana ɗinki.

Ba za mu ɓoye illolinta ba, domin tana da su. Wadda ta fi yawa ita ce faɗuwar ƙarfin jini, saboda maganin yana buɗe hanyoyin jini na rabin jiki gaba ɗaya, sai mace ta ji jiri da tashin zuciya. Shi ya sa ake ɗaura mata ƙarin ruwa, a karkata ta zuwa hagu kaɗan don nauyin mahaifa ya ɗaga daga kan babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, a riƙa auna ta a kai a kai da maganin tayar da jinin a zuƙe cikin sirinji. Nadiran maganin yakan hau sama fiye da kima har ya taɓa numfashi, wanda idan akwai mai lura da kayan aiki a kusa abu ne mai wucewa, idan babu kuwa yana kisa. Akwai kuma ciwon kai mai alama sananniya, ya tsananta idan an tashi zaune ya lafa idan an kwanta, wanda Bier da mataimakinsa suka ɗanɗana sa'ad da suka yi gwajin a junansu; sababinsa yoyon ruwan laka ne ta hudar allura, ya ragu ƙwarai da aka koma ga siraran allurai, kuma galibi yana warkewa cikin mako guda ko biyu. Amma ciwon bayan nan na shekara da shekaru da ake jingina wa allurar, bincike bai gaskata shi ba: ciwon baya bayan haihuwa ya game wadda aka yi wa allura da wadda ta haihu a ɗakinta, domin wata tara na ɗaukar nauyi, ga goyo, ga daka, ga sunkuyon wanki, sun isa dalili. Wurin da aka soka yakan yi tsami na 'yan kwanaki. Shanyewar ƙafa ta dindindin kuwa tana cikin mafi ƙarancin abin da ke aukuwa.

Allurar baya tana da wata 'yar'uwa da ake barin siririyar roba a bayan ana ƙara magani ta ciki gwargwadon buƙata, wadda a Turai ake sauƙaƙa wa mata naƙuda da ita, in aiki ya taso sai a ƙarfafa maganin kawai. A wurarenmu sai a manyan asibitoci ake samunta.

Duk da abin da ya gabata, akwai halin da barcin shi ne daidai, kuma jahilci ne a ƙi shi. Macen da jini ya ɓalle mata har ya yi ƙasa, idan aka ƙara mata allurar da ke saukar da jini an taimaki ajalinta. Wadda jininta ba ya daskarewa, ko don tsananin cutar hawan jinin ciki ko don maganin tsinka jini da take sha, ana tsoron jini ya taru a ƙashin baya ya danne jijiya. Haka wadda jijjiga ta kama ba ta farfaɗo ba, da mai ƙurji a daidai wurin sokawa, da lokacin da bugun zuciyar jariri ya faɗi har ba a da minti goman jira. Zaɓin nan ijtihadi ne na masani a kan majiyyaciyar da ke gabansa, kuma mace tana da haƙƙin ta tambaye shi dalili ya amsa mata cikin harshen da take ji.

A nan ne nake ganin mutanenmu suka fi buƙatar faɗakarwa, domin mun shagala da tambayar wace allura, mun bar tambayar wa zai yi ta. A Amurka, tsakanin 1985 da 1990, haɗarin mutuwa a aikin haihuwa da barci ya ninka na allurar baya kusan sau 17. Zuwa tsakanin 1997 da 2002 bai kai ninki 2 ba, alhali jikin mace bai canza ba, horo da kayan lura ne suka inganta. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda ya game asibitoci 183 a ƙasashen Afirka 22, ya sami cewa kimanin mata 5 cikin kowace 1,000 da aka yi wa aikin haihuwa sun rasu, wato kusan ninki 50 na ƙasashe masu wadata, kuma zubar jini da matsalar maganin tiyata suna cikin manyan sababai. Mutumin nan da ke zaune wajen kan majiyyaciya, likita ne ko nas mai horo na musamman, wanda dangi ba su san sunansa ba kuma ba shi ake kai wa goron godiya ba, shi ke riƙe da numfashinta da bugun jininta. Asibitin da mutum ɗaya zai yi allura ya zagaya ya ɗauki wuƙa, ko wanda babu iskar oksijin da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana ƙirga iskar jini, bai cancanci a kai masa mace ba matuƙar akwai wani, kuma tambayar waɗannan abubuwa tun ana zuwa awo ba rashin tawakkali ba ne, riƙo da sababi ne wanda shari'a ta yi umarni da shi.

Sauran nauyin yana kan gida. Macen da ta kwana biyu tana doguwar naƙuda, ta bushe, ta galabaita, aka kawo ta tsakar dare, ta riga ta rufe wa likita ƙofofin zaɓi da yawa; mijin da ya tafi neman shawarar 'yan'uwa a lokacin da ake jiran sa hannunsa ya ƙara rufe wasu. Idan aikin na shiri ne, ana barin abinci awa 6 zuwa 8 kafin lokaci, ruwa zalla kuwa awa 2. Idan na gaggawa ne, a faɗi haƙiƙanin abin da ta ci da sa'ar da ta ci shi, ko kunu ne ko rubutu ko jiƙon saiwar da ungozoma ta ba ta don naƙuda ta yi sauri, domin ma'aikaci ba alƙali ba ne, lissafi yake so ya yi, kuma ɓoye masa kofin kunu ɗaya yana iya kai tsami cikin huhu. A ambaci asma, da sikila, da ciwon zuciya, da farfaɗiya, da duk wata wahala da aka taɓa sha a wata tiyata, a kuma tanadi masu ba da jini tun kafin a nema. Kuɗi ma, wanda shi ne uzurin da aka fi kawowa, an ɗan rage nauyinsa: Nijar ta daɗe da ɗauke kuɗin wannan aiki a asibitocin gwamnati, a Nijeriya kuma ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya yi shelar yin sa kyauta ga mata mabuƙata a watan Nuwamba na 2024, ko da yake ya kamata a bincika tun da wuri wane asibiti ne ke cikin tsarin.

Bayan an fito, ƙafafu sukan dawo cikin awa 2 zuwa 4, kuma da zarar sun yi ƙarfi aka cire robar fitsari ana son mai jego ta tashi ta taka, ko da tana cije baki, saboda dogon kwanciya yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Rawar ɗari da ƙaiƙayi na ranar farko ba abin tsoro ba ne. Wankan jego da ganye da tafasasshen ruwa a kan ɗinki sai a dakata har likita ya ba da izini. Amma ciwon kan da ya hana ta zama ta shayar da jariri, ko zazzaɓi tare da ciwon baya mai ƙaruwa, ko mutuwar ƙafa da ta wuce yini ko ta dawo bayan ta tafi, ko kasa riƙe fitsari, ko kumburin ƙafa ɗaya da sarƙewar numfashi, waɗannan ba a jiran ranar suna da su. A mayar da ita asibitin da aka yi aikin a ranar, a tafi da katinta.