Doki Cikin Ƙura: Hoton Da Alhaji Ya Ƙi Karɓa

Duk wanda ya saba shiga ɗakin baƙi a gidajen Hausawa na Garwa ko Marwa ko nan Mokolo, ya san da wuya ya fito bai ga hoton doki rataye a bango ba. Hoton nan kuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina: maigida ya sha rawani ya ɗare sirdi, doki ya sha jalala, an ja linzami ya tsaya cak, kowa ya zuba wa kamara ido. Hoto ne na tarihi, ba kuma mai raina shi. Sai dai akwai wani salo dabam wanda ya jawo 'yar muhawara a unguwarmu, shi ne ma dalilin wannan rubutu.

Bayan wata ƙaramar Sallah, wani ɗan ƙanena mai sana'ar ɗaukar hoto ya kai wa wani Alhaji maƙwabcinmu hoton da ya ɗauke shi a wajen hawa, wato abin da ake kira fantaziya a nan Kamaru. A cikin hoton rana tana bayan mahayi, ƙura ta turnuƙe ta yi ja, doki ya zama kamar inuwa, ƙafafunsa sun narke cikin ƙurar, ba abin da ya fito sosai sai wuyansa da bakin mashi. Alhaji ya juya hoton ya sake juyawa, sannan ya ce, "Kai yaro, ina fuskata? Ni na biya kuɗi a gan ni ne, ba a ga ƙura ba." Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ai haka ka wuce mu a filin." Alhaji dai ya mayar masa da abinsa.

To, a haƙiƙanin gaskiya ba kuskure yaron ya yi ba, da gangan ya yi. Idon kamara yana da marfi wanda ke buɗewa ya rufe, kuma tsawon lokacin da ya yi a buɗe shi ke yanke hukunci. Idan ya buɗe na kashi 1 cikin 1000 na sakan, doki mai sukuwa zai daskare a hoto har a ƙirga tsakuwar da kofatonsa ya watsa. Idan kuwa aka bar shi ya kai kashi 1 cikin 30 ko cikin 15, mai hoto kuma ya bi dokin da kamara daidai gudunsa, sai kai da wuya su fito, ƙafafu da 'yan kallo su zama shafe-shafe. Bugu da ƙari, idan aka sa rana a bayan doki maimakon a gabansa, ƙura da geza ne za su kama haske, jikin ya yi duhu. Yawancin wayoyin hannu na yanzu ma suna ba da damar rage haske, wasu har da sauya wannan lokaci.

Masu hoto na duniya sun daɗe a kan waɗannan hanyoyi biyu. A shekarar 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya a Amurka, wani Bature mai suna Eadweard Muybridge ya jera kamara 12 a gefen filin sukuwa, inda ya tabbatar da cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke barin ƙasa, wato sa'ad da ya tattaro su a ƙarƙashin cikinsa. Shi burinsa ya tsayar da gudu domin a gani. Bayan shekara kusan 80 sai Ernst Haas, haifaffen Ostiriya, ya bi akasin haka, ya riƙa ɗaukar dawaki da wasan bijimai a launi yana barin motsi ya shafe siffa, har gidan adana zane-zanen zamani na birnin New York ya baje hotunansa a 1962. Har ila yau, dawakinmu ma baƙi sun riga mu ɗaukarsu, domin George Rodger ɗan Ingila, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Magnum a 1947, ya ɗauki mahaya Hausawa suna fantaziya a Chadi tun 1941.

Mokolo kuwa Allah ya yi mata abin da wannan salo yake bukata. Gari ne a cikin duwatsun Mandara, kimanin kilomita 80 yamma da Marwa, ga manyan duwatsu baƙaƙe, ga hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu wanda ke mai da rana kamar faifai, ga kuma tsaunukan Rumsiki masu tsini a kudu. Alal misali, doki kili a bakin barga mai duhu da sassafe, ko akawal a gindin dutse gab da magariba, ko idon bidi shi kaɗai ya cika hoto, duk ba sa bukatar ado ko ɗaya.

Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan nauyi. Doki a wannan yanki ba kayan Sallah kaɗai ba ne. Ga fadojin lamidai irin su Garwa da Rai Buba da Demsa alama ce ta sarauta, amma ga maƙwabtanmu Mafa da Kapsiki akwai zamanin da jin kofato yake nufin hari, kamar yadda Hamman Yaji na Madagali ya bayyana a littafin da ya riƙa ajiye labarin kwanakinsa daga 1912 zuwa 1927. Mu da muke zaune a tsakaninsu ya kamata mu san haka. Hoton da ya nuna ƙarfin doki da kwarjininsa da abin tsoron da ke tattare da shi ya fi kusa da wannan tarihi a kan wanda aka tsaya ana murmushi.

Sannan ga shi dawakin kansu suna ja da baya. Babur ya karɓe tafiye-tafiye, harawa da dusa da kanwa sun yi tsada, kuma tun daga 2013 da 2014 da fitinar Boko Haram ta shigo yankin, baƙin da ke zuwa Rumsiki yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa na tsawon shekaru. Idan hoton Sallah kaɗai muka bar wa jikokinmu, za su san rigar kakansu, amma ba za su san yaron da ke tashi da asuba ya share barga ba, ko tsohon da ke ɗinkin sirdi, ko yadda doki ke yin zamiya a gaban lamido.

Ga matasanmu masu sha'awar wannan salo, ga 'yar shawara. A nemi izinin mai doki tukuna, a fada kuma a bi ta hannun dogarai. Kada a tsaya daidai bayan doki domin ba ya ganin wurin, kada a haska masa walƙiyar kamara a ido, idan kuma ya kwantar da kunnuwansa baya to a ja da baya. A wajen hawa a tsaya a gefen fili, ba a kan hanyar sukuwa ba. Abu mafi muhimmanci, a fara ba mai kuɗi hoton da ya biya, fuska tar, rawani tsaf, sannan a nuna masa na biyun. Nan ne ɗan ƙanen nawa ya yi sake, na kuma gaya masa.

Shi kuwa Alhaji, da damina ta kama ya sayar da dokin saboda ɗawainiya ta yi masa yawa. Ba a yi wata biyu ba ya aiko jikansa ya tambaya ko hoton nan na ƙura yana nan. Yanzu haka yana rataye a zaurensa, kusa da tsohon linzamin. Allah ya bar mu da dawakinmu, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.