Sulallan Gwaji na Masarautun Indiya

Lokacin da Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, akwai masarautu sama da 500 a ƙasar, kowace da sarkinta a ƙarƙashin inuwar Turawan Ingila. Da dama daga cikinsu suna buga kuɗinsu na kansu. Haidarabad tana da rupinta mai ɗauke da hoton ginin Charminar, Kutch tana kashe kori, Travancore kuwa tana da chuckram. A 1876 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta ba masarautu damar a buga musu kuɗi a ma'aikatunta, Alwar da Bikaner na cikin waɗanda suka shiga tsarin.

Kafin sabon kuɗi ya fita kasuwa, sai masassaƙi ya zana tambari a jikin ƙarfe, a buga 'yan ƙwayoyi kaɗan a kai wa sarki da fadawansa su gani. Waɗannan su ne sulallan gwaji. Wani lokaci akan buga su da tagulla ko dalma maimakon azurfa, don kawai a duba ko rubutu ya fito sarai. Idan sarki bai gamsu ba, sai a ajiye zanen, a sake wani. Shi ya sa suka yi ƙaranci: ba a taɓa sayen ko gishiri da su ba.

Darajarsu ba a nauyin ƙarfen take ba. Kowane sule shaida ne na shawarar da aka yi a fada aka fasa: wane rubutu za a sa, na Farisanci ko Devanagari, sunan wa zai hau gaba, na sarki ko na Sarauniyar Ingila.

Sai dai mai tarawa ya yi hattara. Kada ya ɗauki kuɗin nazarana, wanda ake bugawa da faɗi don kai gaisuwa fada, irin na Jaipur, a matsayin na gwaji. Jabu ma sun yi yawa, don haka a auna nauyi, a duba gefe, a binciki hannun da sulen ya bi kafin ya iso gwanjo. Dokar Indiya ta 1972 kuma ta hana 'yan kasuwa fitar da kayan tarihi da suka haura shekara 100 daga ƙasar.

Wanda zai shiga wannan fage, ya fara tara ilimi kafin ya tara sulalla.