3.2 Hular Haƙori da Gadar Haƙori da Alaƙarsu da Haƙorin Makka

A wannan sashe za a yi bayanin hanyoyi biyu da likitoci ke bi wajen gyara haƙorin da ya lalace ko ya fita, sannan a kwatanta su da abin da Bahaushe ke kira haƙorin Makka.

3.2.1 Hular Haƙori

Baligi yana da haƙora 32 idan sun cika. Haƙori ya bambanta da ƙashi, domin idan ya karye ko ya ruɓe ba ya haɗewa, kuma ba ya sake tsirowa. Hula wani murfi ne da ake ƙerawa daidai da siffar haƙorin, a kifa masa tun daga sama har zuwa bakin dasashi. Akan yi ta ne ga haƙorin da ya tsage, ko ƙogo ya ci rabinsa, ko wanda aka cire wa jijiya, muddin saiwarsa na da ƙarfi. Da farko likita zai kashe zafin wurin da allura, ya goge haƙorin ya rage masa kauri, sannan ya ɗauki awonsa. Bayan an ƙera hular sai a manna ta da wani siminti na musamman. Akan ƙera ta da zinariya ko ƙarfe ko tangaran. Wani likitan Amurka mai suna Charles Land shi ne ya shahara da ƙirƙiro ta tangaran, wadda launinta ke sajewa da sauran haƙora.

3.2.2 Gadar Haƙori

Ita kuwa gada, giɓi take cikewa. Akan goge haƙoran nan biyu da ke gefen giɓin a sa musu hula, sai haƙorin da aka ƙera ya zauna a tsakiya, dukkansu a haɗe. Wato ke nan haƙoran gefe su ne ginshiƙai. Idan aka bar giɓi ya daɗe, maƙwabtansa sukan karkata, wanda ke fuskantarsa kuma ya zazzago, tauna ta yi wuya. In giɓin na gaba ne, furucin sautuka irin su /s/ da /z/ da /ts/ yakan gurɓata. Tun daga 1965, lokacin da Branemark ya fara dasa wa mutum saiwar ƙarfen titaniyam a Suwidin, an sami hanyar cike giɓi ba tare da an taɓa haƙoran gefe ba, sai dai ta fi tsada.

3.2.3 Haƙorin Makka

Idan aka lura, haƙorin Makka shi ma hula ce. Bambancin yana ga manufa: ta likita magani ce, shi kuwa ado ne da shaidar zuwa aikin Hajji. Galibi mata kan sa na zinariya, maza na azurfa, saboda hanin da shari'a ta yi wa namiji na ado da zinariya. Matsalar ita ce sau da yawa lafiyayyen haƙori ake rufewa. Duk abin da aka goge daga jikinsa ya tafi ke nan. Bugu da ƙari, idan hular ba ta zauna daidai ba, abinci kan maƙale a bakinta, haƙorin ya ruɓe daga ciki mai shi bai sani ba, sai wari da kumburin dasashi sun bayyana.

Saboda haka, ko hula ce ko gada ko haƙorin Makka, daɗewarsu ta dogara ne ga ƙwarewar wanda ya sa, da kuma yawan goge bakin dasashi da asuwaki ko buroshi.