Kotu da Baitulmalin Gwamna

Idan aka ce ɓangaren zartarwa na danne kotu, abin da ke zuwa zukatan mutane shi ne tsige alƙali ko yin kunnen uwar shegu da hukunci. Hanyar da ta fi yawa a jihohin Najeriya ba ta da hayaniya haka, domin ta kuɗi ce.

Albashin alƙalan manyan kotunan jihohi daga tarayya yake fitowa, ta hannun Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC. Amma gina kotu da gyara ta, motocin alƙalai, har albashin majistare da alƙalan ƙananan kotunan shari'ar Musulunci, duk nauyin jiha ne. Sashe na 121(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a miƙa kuɗin kotu kai tsaye ga shugabanninta. A aikace, sau da yawa Alƙalin Alƙalan jiha kan rubuta takarda ya jira sa hannun gwamna, gwamnan da gobe za a iya kawo ƙararsa gaban wannan kotun. In baki ya ci, ido kan ji kunya.

A watan Mayun 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da Umarnin Zartarwa mai lamba 10, wanda ya bai wa Akanta-Janar na Tarayya damar cire kuɗin kotu daga kason jihar da ta ƙi biya. Jihohi suka garzaya Kotun Ƙoli. Ana cikin haka, a Afrilun 2021, ƙungiyar ma'aikatan shari'a, JUSUN, ta garƙame kotuna kan wannan batu na sama da wata biyu, masu jiran shari'a suka yi ta zaman gidan yari.

A Fabrairun 2022 Kotun Ƙoli ta soke umarnin, ta ce Shugaban Ƙasa ya wuce gona da iri. Wato kotu ta ƙi taimakon da aka kawo mata, saboda ya biyo ta bayan gida. A ganina hukuncin daidai ne: shugaban da zai iya taɓa kason jiha da alƙalaminsa yau don kotu, gobe zai taɓa shi don wani abin.

Sai dai hukuncin bai ɗauke wa gwamnoni wajibin sashe na 121(3) ba. Lokacin kasafin kuɗi, ka tambayi ɗan majalisar jiharka nawa aka ware wa kotuna, kuma nawa aka sakar masu.