Ba Duka Ne "Ɗauka" Ba

A azuzuwan shirin jarrabawar WAEC da JAMB, har ma a wasu ɗakunan fassara labarai, ana yawan jin cewa kalmomin Turancin nan, "accept" da "adopt" da "assume" da "undertake" da "take on", duk abu ɗaya suke nufi: ɗauka ko karɓa. Bambancinsu, in ji masu wannan ra'ayi, bai wuce na ado ba. Mai ƙaramin Turanci ya ce "take on", wanda ya sha boko ya ce "assume". Da yawa daga cikin masu faɗin haka malamai ne da suka daɗe suna riƙe da alli, kuma ba da ka suke magana ba.

Tarihi yana ba su rabin gaskiya. Kalmar "take" ta shigo Turanci ne daga harshen mutanen Sikandinabiya da suka zauna a gabashi da arewacin Ingila, ta ture tsohuwar kalmar gida, "niman". Bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da littafi, kuma daga wannan tushen ne "accept" da "adopt" da "assume" suka fito. Shi ya sa har yau suke da ƙanshin ofis. Sai dai takardar jarrabawar da ake kafa hujja da ita, abin da take nema shi ne kalmar da ta fi kusa a ma'ana, kuma kusa ba daidai ba ne.

Wanda ya yi "accept", miƙo masa aka yi ya karɓa. Wanda ya yi "adopt", shi ya fita ya zaɓo, domin tushen kalmar a Latin zaɓi ne. Ba a ganin girman wannan sai an zo kan maganar yaro. Ingila ta yi dokarta ta farko kan "adoption" a 1926, kuma a yau idan kotun ƙasar ta zartar da shi, dangantakar yaron da iyayensa na jini ta yanke a idon doka. Ya zama ɗan waɗanda suka ɗauke shi, yawanci da sunansu, yana kuma gādonsu. Mu abin da muka sani riƙo ne. Yarinya ta tashi a ɗakin gwaggonta, ta ci ta sha, a yi mata aure daga can, amma kowa ya san ubanta, kuma gādonta yana gidansu. Musulunci ya hana a jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba, kamar yadda ya zo a Suratul Ahzab kan Zaidu ɗan Harisa. Masu tsara Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun san da wannan, shi ya sa sashe na 20 ya ambaci kafala daban, ya ambaci "adoption" daban. To, idan tafinta ya gaya wa uwa cewa takardar da ke gabanta ta riƙo ce, alhali "adoption" aka rubuta, zai iya sa ta dangwala yatsa a kan abin da ba za ta taɓa yarda da shi ba da ta fahimta. Wannan ne ya fi damuna a cikin lamarin gaba ɗaya.

Ita kanta yarjejeniyar tana koyar da wani abu. Babban zauren Majalisar ya yi "adopt" ɗinta ranar 20 ga Nuwamba, 1989, mu kuma a labarai sai mu ce an amince da ita. Amma abin da ya faru a ranar bai wuce tsayar da lafazin rubutun ba. Babu ƙasar da ta ɗauru. Najeriya ta tabbatar da ita a 1991, dokar cikin gida ba ta zo ba sai 2003, sannan aka jira majalisun jihohi. Amurka ta sa hannu a 1995, har yau ba ta tabbatar ba. Yarjejeniyar Biyana ta 1969, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin ƙulla yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe, ta raba su sarai: "adoption" yana sashe na 9, aikinsa daidaita rubutu, "acceptance" kuwa yana sashe na 14, cikin hanyoyin da ƙasa ke ɗaure kanta. Kalmar da ɗalibi zai ɗauka ita ce mai sauƙi, a nan ita ce igiyar.

"Assume" kuwa fuskokinta da yawa. Shugaba yana yin ta ranar da ya kama aiki. Gwamnatin tarayyar Amurka ta yi ta a 1790, lokacin da Alexander Hamilton ya shawo kan majalisa ta ɗauke wa jihohi bashin da suka ci a yaƙin neman 'yanci. Ita ce kuma zato ba tare da hujja ba, ita ce ɗaukar sunan da ba naka ba. Abin da ya haɗa su, a ganina, shi ne mutum ya yafa wa kansa abu, ko haƙƙinsa ne ko ba haƙƙinsa ba.

Inda batun ado ya rushe gaba ɗaya shi ne "undertake". Ba ta da dangi a Latin. Haɗin "under" ne da "take", kalmomin talaka. Duk da haka ita ce mafi nauyi a gaban alƙali. A tsarin shari'ar Ingila, wanda kotunanmu suka gāda, wanda ya ba kotu "undertaking" ya saɓa ana iya kama shi da laifin raina kotu, lauyan da ya saɓa nasa kuma yana iya fuskantar ladabtarwa. Duk uban da aka taɓa kira makaranta ya rubuta irin wannan takarda kan ɗansa ya san ba karɓar wani abu ya je yi ba, wuyansa ya je bayarwa.

Malamai suna da uzuri, na sani: aji ya cika, lokaci kaɗan, jerin kalmomi masu kama da juna ya fi saurin shiga allo. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A ba yaro kowace kalma a cikin jimla, tare da abin da aka ɗauka da wanda ya ɗauka. "Take on" kaɗai ta isa darasi guda: kamfani yana yin ta idan ya ɗauki ma'aikata, jirgi idan ya loda fasinjoji ko ruwa ya fara shigarsa, ɗan dambe idan ya fito karawa. Ɗalibin da aka koya wa cewa "undertake" babbar yayarta ce kawai, zai sa ta a duka jimlolin nan, kuma babu ko ɗaya da za ta zauna.