Mammon: Ma'anar Kalmar da Asalinta

'Yan'uwa masu karanta Littafi Mai Tsarki na Turanci sukan ci karo da kalmar "mammon". Ma'anarta dukiya ce, amma Bature ba ya kiran gonarsa ko albashinsa da wannan suna. Yakan ajiye kalmar domin dukiyar da ta mallake zuciyar mai ita har ta zama abin bauta. Shi ya sa sau da yawa ake rubuta ta da babban harafi, kamar sunan gunki.

Asalinta ba Turanci ba ne. Ta fito daga "mamona" ta Aramiyanci, harshen da Ubangiji Yesu ya yi magana da shi, inda take nufin kuɗi ko kadara kawai. Marubutan Sabon Alkawari sun ɗauke ta yadda take zuwa Helenanci, ta wuce Latin, daga nan ta shiga Turanci. A juyin King James na 1611 ta bayyana sau 4: Matiyu 6:24, da Luka 16:9, 11 da 13. Juyinmu na Hausa kuwa yakan ce dukiya ko kuɗi. A 1667 mawaƙin Ingila John Milton ya sa Mammon cikin mala'ikun da suka fāɗi, wannan ya ƙara ƙarfafa kallon da ake yi masa na mugun ruhu.

Waɗansu masana suna ganin kalmar ta fito daga tushe ɗaya da "amin" da "amana", wato abin da mutum ya dogara gare shi. Mutanen Gidan Katta da Illela sun san wannan darasi. Abincin gidaje da yawa ya rataya a kan fataucin shanu, hatsi da canjin naira da sefa tsakanin Illela da Birnin Ƙonni. Da aka rufe iyaka a Agusta 2019, sai Disamba 2020 aka buɗe. Aka sāke rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Ciniki ya tsaya, jari ya narke, bashi ya taru.

Yesu bai hana neman halal ba. Ya dai koyar cewa bawa ɗaya ba zai iya bauta wa iyayengiji biyu ba. Saboda haka, ɗan'uwa, ka tambayi kanka: kana cika mudu? Kana biyan ɗan dako hakkinsa a kan lokaci? In riba ta sa ka yi ƙarya, dukiyarka ta riga ta zama mammon. Allah ya ba mu zuciyar da ke dogara gare shi kaɗai. Amin.